Agogo Mai Jin Bugun Zuciya

Jama'a, kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, daidai gindin babban yatsa. Kun ji abin da ke motsi? To, bugun zuciya ke nan. Baligi in yana hutawa, zuciyarsa ta kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya.

Yanzu akwai agogon hannu mai ƙidaya wannan bugu. A ƙarƙashinsa akwai 'yar fitila koriya mai haska fata. Jini yana shanye koren haske. Duk sa'ad da zuciya ta buga, jini ya ƙaru a jijiya, sai hasken da ke komowa ya ragu. Da haka agogo ke ƙidaya.

Yana kuma auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Abin mamaki, in hankali yana kwance tazarar ba ta zama ɗaya, wata ta ɗan fi wata. In damuwa ta zo sai bugu ya yi sauri, tazarar kuwa ta kusa daidaita.

Ƙaƙa na'ura ta san wannan? Koya mata aka yi, kamar yadda muke koyon baƙi a aji. Masana suka ɗaura wa mutane abin awo, suka bar su su huta, sa'an nan suka sa su lissafi mai wuya a gaban baƙin ido. Aka ba kwamfuta awon duka, aka ce mata wannan na hutu ne, wannan na damuwa. Ta yi ta gwadawa ana gyara mata, har ta iya rarrabewa.

Amma ta kan ruɗe. Masuncin da ya ruga Matan Fada da homa da gora ranar bikin kamun kifi na Argungu, zuciyarsa sauri take yi, ga shi kuwa murna yake. Manomin da ya tsaya yana kallon ruwa na cin shinkafarsa a fadamar Rima, kamar yadda aka yi a 2020, tasa ma sauri take. Agogo yana jin motsin hannu, saboda haka ya kan gane mai gudu. Mai zazzaɓin cizon sauro fa? Yana kwance, zuciya na sauri, agogo yana iya cewa damuwa ce.

Don haka mu dai ba mu ɗauki agogon nan likita ba. Wanda gabansa ke yawan faɗuwa, ko ƙirji na yi masa ciwo, ko numfashi na yi masa wuya, ya tafi Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu, a saurari ƙirjinsa, a duba ko yana da hawan jini.