Idan sabon fayil ya danne tsoho, me ake iya cetowa?

A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, daga baya aka gina wata a gurbinta. Sunan yana nan, amma ginin ƙasar da ya shafe ƙarnuka ya tafi. Abin da ke samun fayil ke nan a rumbun ajiyar kwamfuta idan sabo ya hau kan tsoho.

Gogewa daban take. Idan an goge fayil, sunansa kawai kwamfuta ke cirewa daga jerinta, ta ɗauki wurin a matsayin fili; bayanan suna nan kwance. A nan manhajoji irin su Recuva da PhotoRec ke da amfani. Amma gurbin da sabbin bayanai suka riga suka zauna, babu gwanin da zai tono na ƙasa, ko nawa aka biya shi.

Sai dai akwai 'yar kafa. Manhajoji da dama, ciki har da Word, sukan rubuta sabon kwafin a wani gurbi dabam, tsohon ya rage a filin da aka saki. Don haka duk wanda ya danne kwafin kasafin kuɗi ko hoton takardar sakamakon zaɓe, ya dakata nan take. Ko manhajar ceton kada a sauke ta a kan rumbun, domin tana iya zama a kan abin da ake nema. A kashe kwamfutar, a duba rumbun ta wata. Idan SSD ne, damar ta fi ƙaranci, domin yakan share filin da kansa.