Maharan sama, dariyar ƙasa: Su wa ake yi wa ba'a a fina-finan barkwanci na mamayar duniya?

Ranar 26 ga Yuli, 2023, wani tsohon jami'in leƙen asirin sojin saman Amurka mai suna David Grusch ya zauna gaban wani kwamitin Majalisar Wakilan ƙasar, ya yi rantsuwa, sannan ya ce gwamnati na ɓoye tarkacen jiragen da ba 'yan Adam suka ƙera ba. Bai nuna hujja a bainar jama'a ba, kuma a watan Maris na 2024 ofishin da ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta kafa domin bin diddigin irin waɗannan labarai ya ce bai samu wata shaida ba.

Shekara 27 kafin wannan zama, darakta Tim Burton ya riga ya shigo da halittun duniyar Mars cikin wannan Majalisa a fim ɗinsa Mars Attacks! Sun zo ne da sunan neman afuwa. Aka ba jakadansu abin magana, ya zaro bindiga ya ƙone 'yan majalisar ƙurmus, ba abin da ya rage a kan kujeru sai ƙasusuwa ja da kore. Wata tsohuwa da ke kallon abin ta talabijin daga gidan kula da tsofaffi ta bushe da dariya.

A kan irin dariyar wannan tsohuwa aka gina wani reshe na fina-finan ƙagaggen labarin kimiyya da ya daɗe yana tashe a Amurka da Birtaniya, wato barkwanci a kan ranar da halittun wata duniya za su kawo wa 'yan Adam farmaki. Daga nesa shirme ne zalla: ƙattan kawuna, idanu ƙwala-ƙwala, jirage masu kama da faifai. Amma wanda ya natsu ya kalli uku ko huɗu daga cikinsu zai lura cewa maharan ba su ne abin ba'ar ba. Shugaban ƙasa ake yi wa, da janar-janar, da farfesan da ke zuba bayani a talabijin, da 'yan jaridar da suka gayyato shi. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

Tsoron da aka gada

Labarin mamaya daga sama bai faro da raha ba. A 1898 marubucin Ingila H.G. Wells ya fitar da littafinsa The War of the Worlds, inda mutanen Mars suka sauka kusa da Landan da makaman da sojojin Sarauniya ba su taɓa gani ba. Tun a babin farko Wells ya tuna wa mai karatu kisan ƙare dangin da Turawa suka yi wa 'yan asalin tsibirin Tasmaniya. Daular da ta saba mamaye wasu ya ɗauko, ya ɗanɗana mata abin da take shayar da mutane. Shekara biyar bayan fitowar littafin, a 1903, dakarun wannan daula suka ci Kano da Sakkwato da igwa da bindiga mai jigida, suna fuskantar mahaya dawaki masu takobi da mashi. Mai karatu a nan ba ya buƙatar dogon bayani a kan yadda ake ji idan baƙo ya zo da makamin da ba a san maganinsa ba.

Amurka ta gaji labarin ta sauya masa fassara. A 1938 Orson Welles ya mayar da shi wasan kwaikwayo na rediyo cikin salon labarai da ɗumi-ɗuminsu, har wasu masu sauraro suka firgita, ko da yake masana tarihi sun nuna daga baya cewa jaridu sun zuzuta abin. A 1947 aka fara surutun ganin faifai masu tashi, aka kuma samu tarkacen Roswell a jihar New Mexico, wanda sojin sama suka ce a 1994 na balan-balan ɗin leƙen asiri ne. Da yaƙin cacar baka ya yi zafi, maharan sama suka zama inuwar Tarayyar Sobiyet da bam ɗin nukiliya a fina-finai irin su Earth vs. the Flying Saucers da Invasion of the Body Snatchers, dukansu na 1956.

Dariyar da aka fi tunawa daga wancan zamani ba da gangan aka samar da ita ba. A fim ɗin Ed Wood mai suna Plan 9 from Outer Space ana hango zaren da aka rataye jiragen da shi. Tauraronsa Bela Lugosi ya mutu a 1956, sai Wood ya cike gurbin da wani mutum da ya fi marigayin tsawo, wanda ya yi ta rufe fuska da mayafi har fim ya ƙare. Burton ya so wannan kwamacala har ya yi fim a kan rayuwar Wood a 1994, shekara biyu kafin ya saki nasa maharan.

Fim biyu, shugaban ƙasa biyu

Shekarar 1996 ta ba da damar kwatancen da ba kasafai ake samu ba. A watan Yuli aka saki Independence Day na Roland Emmerich. A cikinsa shugaban Amurka tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, ya yi jawabi mai ratsa jiki, ya hau jirgi da kansa, sauran ƙasashe kuma suka zauna jiran Amurka ta faɗi abin da za a yi. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 800 a duniya.

A watan Disamba sai ga Mars Attacks! da kusan labari ɗaya, amma an kifar da shi. An samo shi ne daga wasu katunan zane da kamfanin Topps ya buga a 1962, waɗanda aka daina bugawa bayan iyaye sun yi ca a kan munin hotunansu. Jack Nicholson ya fito a matsayin Shugaba James Dale, mutumin da damuwarsa ita ce yadda zai fito a hoto da abin da tarihi zai ce a kansa. Farfesansa, wanda Pierce Brosnan ya taka, ya rantse cewa duk al'ummar da ta ci gaba haka dole ta kasance mai son zaman lafiya. Aka shirya gagarumar tarba a hamadar Nevada, aka saki farar kurciya, baƙin suka harbe ta, sannan suka juya kan jama'a. Na'urar tafinta da aka yi taƙama da ita ta ci gaba da cewa sun zo da alheri, har maharan suka saɓa ta suna bin mutane da harbi tana sanar da cewa su abokai ne.

Kowane mai muƙami ya samu rabonsa. Bayan an ƙone Majalisa, shugaban ya fito yana lallashin 'yan ƙasa da cewa ai har yanzu rassa biyu cikin uku na gwamnati suna aiki. Janar ɗin da ke ta ihun a yi yaƙi aka ƙanƙantar da shi aka take shi da takalmi. Makamin nukiliyar da aka harba kuwa, shugaban maharan ya zuƙe shi don nishaɗi. Da shugaban ƙasa ya yi jawabin sulhu mai sa hawaye ya miƙa hannu, hannun da ya kama ya ɓalle, ya soke shi, ya kafa tutar Mars a kan gawarsa.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda ba a gayyata taro ba: wani saurayi mai aiki a shagon donot a jihar Kansas, da kakarsa, wato tsohuwar nan mai dariya, da tsohon ɗan dambe mai aiki a gidan caca a Las Vegas, da tsohuwar matarsa mai tuƙin bas. Makamin da ya ceci duniya wata tsohuwar waƙar Slim Whitman ce da kakar ke saurare, wadda sautinta ke fasa ƙwaƙwalwar maharan. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Amurkawa ba su karɓe shi hannu biyu ba. Abin da ya samu a cikin ƙasar bai kai dala miliyan 40 ba, a duniya baki ɗaya kuma kimanin miliyan 100. Mutanen da suka yi tafi wata biyar baya saboda shugabansu ya tuƙa jirgin yaƙi ba su shirya ganin an kafa masa tuta a ƙirji ba.

Wannan dabara ta ƙaramin abu ya kayar da babba ita ma gadon Wells ce, domin ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharansa bayan sojoji sun gaza. Masu barkwanci sun ƙara mata gishiri kawai. A fim ɗin Evolution na 2001, sabulun wanke kai na Head & Shoulders aka ɗura a motar kashe gobara aka gama da dodon, abin da ya zama ba'a ga sojoji, ya kuma zama talla ga kamfanin a lokaci guda.

Wane ne baƙo?

A Turanci kalma ɗaya ce ke nufin halittar wata duniya da kuma baƙon da ba ɗan ƙasa ba, kuma a kan wannan harshen damo aka gina Men in Black na 1997. Fim ɗin ya buɗe ne a kan iyakar Amurka da Mexico, jami'ai sun tare motar 'yan ci-rani. Sai ga wasu mutum biyu cikin baƙaƙen kwat, suka ware mutum ɗaya da ya fito daga wata duniyar, suka sallami sauran. A labarin, kimanin baƙi 1,500 ne ke zaune a doron ƙasa, akasari a birnin New York, suna neman na tuwo kamar kowa. Hukumar da Tommy Lee Jones da Will Smith ke wa aiki hukumar shige da fice ce mai manyan bindigogi.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 580, ya ci kyautar Oscar ta kwalliya, kuma ya cancanci son da ake masa. Sai dai akwai abin da dariya ke sa a haɗiye ba tare da an tauna ba. Hukumar ba ta ba kowa bahasi, ba majalisa ba kotu, kuma duk ɗan ƙasar da ya ga abin da bai kamata ba, sai a haska masa wata 'yar fitila a shafe abin daga ƙwaƙwalwarsa, a shirga masa ƙarya. Hujjarsu ita ce jama'a ba za su iya ɗaukar gaskiya ba, hujjar da kowane mai ɓoye takardun gwamnati ya haddace. Burton ya nuna masu mulki a matsayin sakarkaru. Wannan fim ya nuna su masu basira da kwarjini, ya sa mai kallo ya so su. Na biyun ne kasuwa ta saka wa.

Tambayar wa ake zagi ta taɓa Najeriya kai tsaye a 2009. District 9, fim mai cike da habaici a kan wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ya nemi a tausaya wa baƙin halittun da aka killace a unguwar marasa galihu a Johannesburg, amma ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin, shugabansu kuma sunansa Obesandjo. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina haska shi, ta kuma buƙaci kamfanin Sony ya nemi afuwa. Fim mai wa'azi a kan ƙyamar baƙo sai da ya samo nasa baƙon da zai ƙyamata.

Idan suka sauka a unguwar talakawa

'Yan Birtaniya sun fi mayar da hankali kan ƙananan abubuwa. A The Hitchhiker's Guide to the Galaxy na 2005, wanda asalinsa wasan rediyon Douglas Adams ne na BBC a 1978, maharan ma'aikatan ofis ne. Sun zo rushe duniya ne domin hanya za ta bi ta wurin, kuma sun ce an lika sanarwa shekara 50 a wani ofishi da ke wata tauraruwa, laifin wanda bai je ya duba ba ne. Wanda rusau ya taɓa shafa zai gane wannan murya.

Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne Attack the Block na Joe Cornish, wanda aka saki a watan Mayun 2011. Maharan, baƙaƙe wuluk masu haƙora masu walƙiya, sun faɗo ne a rukunin gidajen gwamnati na talakawa a kudancin Landan, a daren 5 ga Nuwamba da ake wasan wuta, don haka ba wanda ya lura. Ba shugaban ƙasa, ba janar. Masu kare unguwar wasu samari ne da fim ɗin ya buɗe da su suna yi wa wata ma'aikaciyar jinya ƙwace. Jagoransu Moses, ɗan shekara 15, John Boyega ne ya taka shi a fim ɗinsa na farko, ɗan Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Samarin ba su kira 'yan sanda ba domin sun san wanda za a kama, har Moses ya yi zargin ko gwamnati ce ta turo dodannin su ƙarar da baƙaƙen yara.

Cornish bai wanke su daga laifin ƙwacen ba, ita ma ma'aikaciyar jinyar ba ta yafe da wuri ba. Wata uku bayan fitowar fim ɗin, a watan Agusta, tarzoma ta ɓarke a Tottenham bayan 'yan sanda sun harbe Mark Duggan, ta bazu zuwa wasu unguwannin Landan da wasu biranen Ingila. A fim ɗin kuwa, bayan Moses ya hallaka dodannin ya ceci unguwa, 'yan sanda sun iso, suka sa masa ankwa. Ma'aikaciyar jinyar ta shaida musu cewa yaran maƙwabtanta ne kuma su suka kare ta. Duk da haka aka jefa shi a bayan mota, daga ciki yana jin jama'ar unguwa suna kiran sunansa.