Katin Zaɓe da Sanin Ɗan Takara

A Najeriya, duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 yana da haƙƙin jefa ƙuri'a, amma haƙƙin ba ya aiki sai sunansa ya shiga kundin masu zaɓe. Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, wadda aka kafa a 1998, ita ke da alhakin wannan kundi.

Yadda ake rajista

Idan hukumar ta buɗe rajista, mutum yakan je ofishinta na ƙaramar hukumarsa ko wata cibiya da ta tanada. A nan za a rubuta sunansa da adireshinsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi takardar shaida. Daga baya sai ya koma ya karɓi katin zaɓe na dindindin. Sau ɗaya ake rajista, yin ta sau biyu laifi ne. Wanda ya sauya gari ko unguwa, sai ya nemi a mayar da sunansa rumfar da ke kusa da shi. Wanda katinsa ya ɓata kuwa, sabo zai nema a buga masa. Kafin zaɓe hukumar kan kafe sunaye domin jama'a su duba, su gyara kuskure, su nuna sunayen mamata da na yaran da ba su kai shekaru ba. Ranar zaɓe na'urar BVAS ke tantance mai katin ta yatsa ko ta fuska.

Alƙaluman 2023 sun nuna inda gizo ke saƙa. Mutum miliyan 93.4 suka yi rajista, kimanin miliyan 87 suka karɓi kati, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. Wannan abin takaici ne, musamman idan aka tuna cewa matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba.

Kujerar da ta fi kusa

Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano kaɗai na da 44. Zaɓen ciyaman da kansila yana hannun hukumomin zaɓe na jihohi, kamar KANSIEC a Kano, amma da kundin INEC suke aiki, don haka kati ɗaya ne. A Abuja kaɗai INEC ke gudanar da shi da kanta.

Wannan zaɓe shi jama'a suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ya fi taɓa rayuwarsu. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa, tashar mota, maƙabarta da kwashe shara, tare da hannu a makarantun firamare da asibitocin shan magani. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Kuɗin da ya kusanto gida yana buƙatar idon mutanen gida.

Sanin wanda za a dangwala wa

Ɗan takarar kansila ba baƙo ba ne. An san gidansu, sana'arsa, da yadda ya riƙe amanar ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci. Mai zaɓe ya fara da nan. Sannan ya duba sunayen da hukumar zaɓe ta kafe, don a takardar ƙuri'a alamar jam'iyya ake gani, ba fuskar mutum ba. Ya saurari shirye-shiryen siyasa a rediyo, amma ya bambanta bayanin ɗan takara da yabon sojojin baka. Saƙon da ya shigo ta WhatsApp ba tare da tushe ba, kada ya tura shi gaba. Idan ɗan takara ya zo majalisar unguwa, a tambaye shi takamaimai: wace rijiya, wane aji, da wane kuɗi, a wane lokaci?

Taliya da sabulun ranar zaɓe ba sa kai mako, wa'adin kuwa shekaru ne. Al'ummar da ta karɓi kati, ta binciki ɗan takara, ta fito ta tsaya har a ƙirga ƙuri'a, ita ke da bakin neman haƙƙinta bayan rantsuwa.