Ko Ka Sani? Agogo Na Iya Hana Kwamfutar Cikin Kwamfuta Tashi

Ko ka san cewa kwamfutar da manhaja irin su QEMU, VirtualBox ko VMware ke ƙirƙirowa a cikin wata kwamfuta tana iya ƙin tashi alhali faifanta da ƙwaƙwalwarta lafiya lau suke? Sau da dama agogo ne ke jawo haka. Masana suna kiran kwamfutar gaske mai masauki, ta ciki kuma baƙuwa, kuma baƙuwar nan ba ta da agogon kanta sai wanda mai masauki ya kwaikwaya mata.

Tun daga IBM PC ta 1981 ake gadon wani ɗan guntu mai ƙirga lokaci, Intel 8253 da magajinsa 8254, wanda ke kaɗawa sau 1,193,182 a daƙiƙa. Daga baya aka ƙaro wasu, kamar TSC da ya zo da Pentium a 1993, da kuma HPET. Idan Linux zai tashi, yakan gwada ko bugun agogo na isowa gare shi: ya jira ɗan lokaci kaɗan, ya duba ko bugun da ya samu ya haura huɗu. In bai haura ba sai ya gwada wasu hanyoyin, in duk suka faskara ya tsaya cik, ya ce agogo ba ya aiki. A kwamfutar gaske wannan gwaji daidai ne, domin guntun ƙarfe ba ya makara. A cikin baƙuwa kuwa, mai masauki na iya janye mata injin sarrafawa ya ba wani aiki a daidai lokacin gwajin, sai bugun ya iso bayan an gama ƙirga. Windows ma yakan faɗi da shuɗin allo mai lamba 0x101 idan ya ga wani injin sarrafawa ya daɗe bai karɓi bugu ba.

A ganina tushen matsalar shi ne baƙuwa ta ɗauka ita kaɗai ke da gidan. Wani zai ce a ƙara kyautata kwaikwayon, ko a sayi inji mai sauri. Wannan yana rage aukuwar abin, amma ba ya kawar da shi, domin muddin ana raba inji ɗaya tsakanin ayyuka da yawa, dole wani bugu ya makara. Daga nan zaɓi biyu ne kawai: a zubar da shi, agogon baƙuwa ya riƙa ja baya, ko a tara a turo mata a jere, lissafinta na saurin inji ya karkace. Wani kuma zai ce a kashe gwajin da umarnin no_timer_check. Hakan yakan sa ta tashi, sai dai bai ba ta lokaci ingantacce ba.

Maganin da ya fi inganci shi ne a sanar da baƙuwa cewa baƙuwa ce. Da kvm-clock, wato agogon da manhajar masauki mai suna KVM ke bai wa baƙuwa, mai masauki yakan rubuta bayanin lokaci a wani gurbi na ƙwaƙwalwa, ita kuma ta karanta kai tsaye ba tare da ƙirga bugu ba. Shi ya sa Linux na zamani, da zarar ya gane yana kan KVM, yake tsallake wancan gwajin da kansa. Don haka idan baƙuwarka ta maƙale wajen tashi, ka fara duba saitin agogonta da nauyin da ke kan mai masauki kafin ka goge faifai.