Dariya a Cikin Makoki: Nazarin Zubi da Jigon Fim Ɗin Beginners

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda mai shirya wasa kan dafa ban dariya da ban tausayi a tukunya ɗaya, ba tare da ɗaya ya ɓata ɗanɗanon ɗan'uwansa ba. Misalin da aka ɗauka shi ne wani fim na Amurka mai suna Beginners, watau sababbin shiga, wanda Mike Mills ya rubuta ya kuma shirya, aka fara nuna shi a birnin Toronto na Kanada a 2010. Shi dai irin wannan haɗi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ko a nan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran ƙasar Hausa, an san wasan jika da kaka, wanda mutuwa ma ba ta yanke shi nan take. Jikoki kan tsokani tsoho a wurin makokinsa, 'ya'yansa na share hawaye suna murmushi.

Labarin a taƙaice shi ne, wani mai zane da ake kira Oliver, ɗan shekara 38 a Los Anjelis, ya rasa mahaifinsa Hal a 2003. Hal ya zauna da matarsa Georgia shekara 44. Bayan rasuwarta, yana da shekara 75, sai ya shaida wa ɗansa cewa shi fa tun yana yaro maza yake sha'awa, kuma ba zai ƙara ɓoyewa ba. Ya yi shekara huɗu a wannan hali, sannan ciwon daji na huhu ya yi ajalinsa. Cikin wannan juyayi ne Oliver ya haɗu da Anna, wata 'yar wasan kwaikwayo Bafaranshiya. Mills bai yi nisa wajen neman labarin ba, gama abin da ya faru ke nan da mahaifinsa.

Lalle wannan al'amari abin ƙi ne a addini da al'adar masu sauraro, kuma doka ta hana shi, ko ta shari'ar da Jihar Zamfara ta soma aiki da ita a 2000, ko ta tarayya ta 2014. To, amma a ganina wanda ya tsaya a nan ya ɗauki ƙaramin jigo a matsayin babba. Babban jigon shi ne gadon shiru. Iyayen Oliver sun yi aure a 1955, zamanin da dokar Kalifoniya ke hukunta irin Hal, likitocin Amurka kuma suna lissafa abin cikin ciwon taɓin hankali, har zuwa 1973 da suka janye wannan hukunci. Georgia ta san halinsa, ita ce ma ta nemi auren, da zaton za ta gyara shi. Yaro ya tashi a gidan da babu faɗa babu shauƙi, yana ganin uwarsa cikin kaɗaici bai san dalili ba, sai ya girma yana kashe kowace soyayya tasa da hannunsa tun kafin ta kai ko'ina. Maganar uban ce ta fassara masa ƙuruciyarsa.

Dangane da zubi, Mills ya ƙi bin jerin lokaci. Zare uku ya saƙa: ƙuruciyar Oliver tare da uwarsa, da jinyar uban, da watannin farko na soyayya da Anna. Kayan ɗaki ko wata kalma kan tsallakar da mai kallo daga wannan zare zuwa wancan, kuma haka ne zuciyar mai makoki take tuna mamaci, ba daga haihuwa zuwa kabari ba. Tun da an faɗa mana mutuwar Hal a farkon fim, babu sauran ɗokin jin yadda za ta ƙare, sai na ganin yadda aka yi.

Nan ne aikin ban dariya ya fito fili. Oliver ya gaji karen ubansa, Arthur, yana yi masa magana, amsar karen kuwa sai a rubuta ta a gindin allo. Abin dariya ne, amma da za a cire shi, da ba mu ji abin da ke cikin ran mutumin da ba ya buɗe baki ga kowa ba. Haka nan haɗuwarsa da Anna: a wurin shagali ne, ya yi shigar Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan'adam, yana sauraron damuwar mutane, ita kuma muryarta ta dushe, sai a takarda ta tambaye shi abin da ya kawo mai baƙin ciki wurin biki. Bebiyar dare ɗaya ce ta gano ciwon likitan.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne wajen Anna, gama ba a ba ta zurfin da aka ba uban ba. Christopher Plummer, wanda ya fito a matsayin Hal, shi ya ɗauke hankalin kowa, har aka ba shi lambar Oska a 2012 yana da shekara 82.