Karkacewar Ƙashin Baya a Tsufa

Tsakanin ƙasusuwan baya akwai faifan guringuntsi. Idan shekaru suka cinye gefe ɗaya, sai bayan ya karkace, jijiyoyi su matse, ƙafa ta riƙa sagewa. Daga Gusau ana iya tura majinyaci Asibitin Ƙashi na Dala, Kano, wanda aka buɗe a 1959. In ta kama a yi tiyata, likita yakan ɗaure ƙasusuwan da kusoshi da sandunan ƙarfe.

Amma ba miƙe baya sambal ake nema ba, gama lafiyayyen baya ma yana da ɗan lanƙwasa. Abin nema shi ne kai ya zauna daidai bisa ƙugu. In aka kuskure wannan, mutum zai rinjaya gaba, yana lanƙwashe gwiwa don kada ya fāɗi, ya gaji tun bai kai kasuwa ba.