Nauyin baki: Yaushe ya kamata iyaye su damu?

A gidaje da dama a ƙasar Hausa, idan yaro ya kai shekara biyu bai fara magana ba, akan ce nauyin baki ne ke gare shi, kuma bakin zai buɗe idan lokacinsa ya yi.

Akan kuma kwantar wa uwa da hankali da labarin wani a cikin dangi, wanda sai da ya shekara uku kafin ya ce uffan, ga shi yanzu ba a iya tare bakinsa.

Sau da yawa hakan ce ke faruwa. To sai dai likitocin yara sun ce akwai yaran da shirun nasu alama ce ta wata larura, musamman rashin ji, wadda idan ba a gano ta da wuri ba takan bi yaro har makaranta, har ma girmansa.

Matakan da yaro ke bi

Magana ba ta farawa ranar da yaro ya furta kalmar farko. Tun yana wata huɗu jariri kan riƙa fitar da sautuka, yana kuma juyawa wajen da ya ji muryar mahaifiyarsa.

A shekarar 2022, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, sun sabunta jerin matakan girman yara. Jerin ya ƙunshi abubuwan da aƙalla yara 75 cikin 100 kan iya yi a kowane mataki.

Bisa wannan jeri, ɗan wata tara yakan yi gwaranci irin su "bababa" da "mamama", yakan kuma waiga idan an kira sunansa.

Ɗan shekara ɗaya yakan kira mahaifiyarsa ko mahaifinsa da wani suna, ya ɗaga hannu idan ana sallama, ya kuma dakata idan an ce masa "a'a".

Ɗan wata 18 yakan yi ƙoƙarin faɗar kalmomi uku ko fiye, ban da mama da baba, kuma yakan bi umarni mai sauƙi, kamar a ce masa ya kawo takalmi, ba tare da an nuna masa da hannu ba.

Ɗan shekara biyu yakan haɗa kalmomi biyu, kamar "Baba zo" ko "sha ruwa". A wata 30 yakan mallaki kalmomi wajen 50, sannan idan ya cika shekara uku, baƙo ma kan fahimci akasarin abin da yake faɗa.

Wasu masanan sun fi tsaurara ma'auni. Tun a shekarar 1989 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Leslie Rescorla, ta fito da ma'aunin da har yanzu ake amfani da shi, wanda ke ɗaukar ɗan shekara biyu a matsayin mai jinkirin magana idan kalmominsa ba su kai 50 ba, ko kuma bai fara haɗa kalmomi biyu ba.

Ƙungiyar ƙwararru kan ji da magana ta Amurka ta ce tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na 'yan shekara biyu suna da irin wannan jinkiri, kuma ya fi yawa ga yara maza.

Rabi ko fiye na waɗannan yara sukan kamo tsaransu kafin ko kuma a farkon shiga makaranta. Matsalar ita ce, tun yaro na shekara biyu babu mai iya tabbatar da cewa yana cikin waɗanda za su kamo ko kuwa waɗanda za a bari a baya.

Kunne kafin baki

Abu na farko da likita zai so ya tabbatar shi ne ko yaron yana ji sosai, domin da kunne ake koyon magana. Yaron da ba ya jin kalma ba zai iya kwaikwayonta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce yara kimanin miliyan 34 ne a duniya ke fama da rashin ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara yana faruwa ne sakamakon abubuwan da za a iya kauce musu.

Daga cikinsu akwai ƙyanda, da hangum, da shawara mai tsanani ga jarirai, da wahalar haihuwa wadda ke hana jariri numfashi da wuri, da ciwon kunne mai fitar da mugunya wanda aka bari ya daɗe. Haka kuma wasu magunguna, irin su allurar Gentamicin, na iya lalata ji idan aka yi amfani da su ba bisa umarnin likita ba.

Sanƙarau ma na kan gaba. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar na cikin yankin da cutar ta fi kamari a Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. A annobar shekarar 1996, mutane fiye da 100,000 ne suka kamu a Najeriya, kuma kurumta na daga cikin illolin da cutar ta fi bar wa waɗanda suka rayu.

Don haka likitoci ke ba da shawarar a gwada jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, ko da alamu sun nuna ya warke sarai.

Tafa hannu a bayan yaro don a ga ko zai waiga ba gwaji ba ne da za a dogara da shi. Yaro na iya ganin inuwa ko ya ji iska ta taɓa shi, kuma mai ƙarancin ji na iya jin ƙarar tafi amma ya kasa tantance kalmomi.

Akwai na'urorin da ke gwada jin jariri cikin 'yan mintoci, yana barci, ba tare da jin zafi ba. A ƙasashen da ake yi wa kowane jariri wannan gwaji, burin shi ne a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka wa yaron kafin wata shida.

Sauran dalilai

Bakwaini da jariran da aka haifa ba su da nauyi sun fi fuskantar jinkirin magana, haka ma yaran da ke da tarihinsa a cikin dangi.

Ƙarancin abinci mai gina jiki, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da gubar dalma irin wadda ta hallaka yara fiye da 400 a jihar Zamfara a shekarar 2010, duk suna iya shafar bunƙasar ƙwaƙwalwa, har da magana.

Akwai kuma larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Yaron da ke da ita ba magana kaɗai ke masa wuya ba, har da mu'amala. Yakan ƙi haɗa ido, ba ya amsa sunansa, ba ya nuna abu da yatsa don wani ya gani, wani lokaci kuma yakan daina faɗar kalmomin da ya riga ya iya.

Wasu yaran kuma jinsu lafiya lau, hankalinsu lafiya lau, amma harshe kawai ke ba su wahala. Bincike a Amurka da Ingila ya nuna cewa kimanin yara bakwai cikin 100 ne ke da wannan matsala, wato wajen yara biyu a ajin da ke da ɗalibai 30.

Linzami da harsuna biyu

A al'adance, yaron da ya yi nauyin baki akan kai shi wurin wanzami a yanke masa linzami, wato tantanin da ke ƙarƙashin harshe.

Likitoci sun ce linzamin da ya yi gajarta sosai na iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba shi ke hana yaro koyon kalmomi ko fahimtar magana ba, domin wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. Yankan a gida kuma na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, sannan a ɓata watanni ana jiran sakamako alhali matsalar na kunne.

Wasu iyayen kuma kan zargi yawan harsuna, musamman a gidan da ake Hausa da Fulatanci, ko Kanuri, ko Zabarmanci, ga kuma Turanci ko Faransanci a makaranta.

Bincike ya nuna cewa tashi da harsuna biyu ba ya jawo jinkirin magana. Abin da ya kamata shi ne a haɗa kalmomin da yaron ya sani a dukkan harsunan idan ana ƙirgawa. Gauraya harsuna a jimla ɗaya kuwa ba alamar ruɗewa ba ce.

Haka nan tsamin baki, kamar yaro ya ce "luwa" maimakon "ruwa", abu ne da aka saba gani ga ƙananan yara. In'ina ma takan bayyana tsakanin shekara biyu zuwa biyar, kuma mafi yawan yara kan rabu da ita.

Waya da talabijin

A ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2019, WHO ta ce bai kamata a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban talabijin ko wayar salula. 'Yan shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada su wuce awa ɗaya a rana.

Dalili shi ne yaro na koyon harshe ne daga mutumin da ke amsa masa. Wani bincike da masana daga jami'o'in MIT da Harvard suka wallafa a shekarar 2018, a kan yara 'yan shekara huɗu zuwa shida, ya gano cewa yawan musayar zance tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomin da yaron ke ji kawai alaƙa da aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwarsa.

Wannan ba ya buƙatar kuɗi. Uwa na iya ambata wa yaro sunan abin da take yi yayin wanka ko girki, ta jira ya amsa, idan ya ce "ruwa" ta ce masa "kana son ruwa?" Tatsuniya, da waƙoƙin reno, da wasa da 'yan uwa duk suna taimakawa.

Inda kunyar ɗan fari ke hana uwa sakewa da ɗanta a gaban mutane, kakanni da gwaggwanni da yayye na iya cike wannan gurbi.

Lokacin zuwa asibiti

Masana sun ce kada a jira idan jariri ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya shekara ɗaya ba ya gwaranci kuma ba ya nuni da hannu, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara biyu ba ya haɗa kalmomi biyu.

Yaron da ya daina yin abin da ya riga ya iya, ko shekarunsa nawa ne, shi ma yana buƙatar ganin likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Yaron da ke fahimtar abin da aka ce masa, yana nuni, yana wasa da tsaransa, shi ne ya fi yiwuwa ya kamo da kansa. Duk da haka gwajin ji ba zai cutar da shi ba.

Ƙwararru kan gyaran magana ba su da yawa a Najeriya da Nijar, kuma akasarinsu suna manyan birane. Amma ana iya farawa daga asibiti mafi kusa a nemi a tura yaro sashen kunne, hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ko kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Idan aka tabbatar yaro ba ya ji, akwai na'urar taimaka wa ji, akwai kuma maganar hannu, wadda cikakken harshe ce da kurame ke amfani da ita a ƙasar Hausa tun da daɗewa. Masana sun ce yaron da ya samu harshe da wuri, na baki ne ko na hannu, ya fi samun sauƙin karatu idan ya shiga makaranta.